Wa Ya Shiga Ruwan? Tsakanin Ceto, Fansa da Ihu Bayan Hari

Da yammacin Talata, 30 ga Nuwamba 2021, wani kwale-kwale ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka madatsar ruwan Watari zuwa garin Bagwai a jihar Kano. Mafi yawan waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne, yara ƙanana, za su wajen taron Maulidi. Jirgin ya ɗauki fiye da ƙarfinsa, ya kife. Aƙalla mutum 29 suka rasu.

Washegari duk gidan rediyon da aka kunna magana ɗaya ce: ana ci gaba da aikin ceto. Jami'ai sun isa wurin domin aikin ceto, manya sun je duba yadda aikin ceto ke gudana. Alhali duk wanda ya san ruwa ya san cewa wanda ya nutse mintuna kawai gare shi. Likitoci sun ce idan numfashi ya yanke, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Wanda ya fito da rai daga irin wannan hatsari, ko dai ya iya iyo ne, ko kuma wani da ke bakin ruwan a wannan lokacin ya tsunduma ya janyo shi. Abin da ake yi bayan kwana guda neman gawa ne. Aiki ne mai daraja, mai wahala, kuma wajibi ne a kan al'umma domin a yi wa mamaci sutura, iyaye su san makwancin ɗansu. Amma ba ceto ba ne, kuma kiran sa da wannan suna yana da illar da ta wuce kuskuren harshe.

Bahaushe bai taɓa yin ƙarancin kalmomi a wannan fage ba. Wanda ya kuɓuta da kansa, ya tsira, ko ya sha da ƙyar, ko ya tsallake rijiya da baya. Wanda aka ji ihunsa aka rugo, an kai masa ɗauki. Wanda aka kai wa abinci da tabarma bayan masifa ta wuce, an ba shi agaji. Wanda ya faɗa rijiya ko kududdufi, tsamo shi ake yi, da rai ko babu rai. Ceto kuwa yana da sharaɗi biyu: akwai rai da ke gab da salwanta, akwai kuma wanda ya sa kansa, ko ƙarfinsa, ko martabarsa tsakanin wannan rai da halaka. Idan aka ce "ya ceto shi", ƙarshen kalmar ma yana ɗauke da tafiya da dawowa, kamar a ce ya ɗauko, ya janyo, ya fito da shi. Wato sai an je inda hatsarin yake.

Nauyin kalmar ya sa addini ya riƙe ta. Musulmi na fatan ceton Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar da babu wanda ke ta wani. Kiristocin da ke ibada da Hausa, daga Wusasa zuwa Jos, suna kiran Yesu Almasihu da Mai Ceto. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta daidaita raya rai guda da raya mutane baki ɗaya, malaman fiƙihu kuma sun daɗe suna karantar da cewa mai sallah ya yanke sallarsa idan ya ga makaho zai faɗa rijiya ko yaro yana nutsewa. A kasuwa ma, ɗan tireda da aka ranta wa kuɗi ranar da mai gida zai watsa masa kaya waje yakan ce, "Wallahi Alhaji ka cece ni." Ya ɗan ƙara gishiri, amma bai kauce wa ma'ana ba: ya san wanda ya yi, ya san abin da aka fitar da shi daga ciki.

Inda aka kauce shi ne a sanarwar hukuma. Can ne ake cewa "an ceto", ba a faɗin wa ya yi, ta yaya, da me. Har a labarai akan ji an ce "an ceto gawarwaki biyar", ko "an ceto shi a sume, daga baya aka tabbatar da rasuwarsa". Mai sauraro ya saba, ya daina jin baƙuncin maganar.

Babu inda wannan ya fi muni kamar a sha'anin satar mutane. Ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar Dapchi a jihar Yobe. Ranar 21 ga Maris, waɗanda suka sace su ne da kansu suka shigo gari cikin motocinsu, suka sauke mafi yawan yaran, suka juya suka tafi babu wanda ya tare su. Biyar sun riga sun rasu, ɗaya daga cikinsu kuma, Leah Sharibu, aka riƙe ta. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, cikin mako guda yara 344 suka dawo bayan tattaunawa da 'yan bindigar. Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci satar, bai shiga hannu ba. Bayan 'yan makonni aka gan shi a Gusau yana miƙa makamai, an yi masa afuwa, daga baya ya koma daji, can aka kashe shi. A Jangebe, 'yan mata 279 aka sako a farkon Maris 2021. A Kuriga, cikin ƙaramar hukumar Chikun, an fara cewa ɗalibai 287 aka sace ranar 7 ga Maris 2024, ranar 24 ga watan sojoji suka ce sun ceto 137 a jihar Zamfara, gwamnati ta ce wannan shi ne adadin duka, kuma ba a biya ko kwabo ba.

Mai yiwuwa a wasu daga cikin waɗannan an yi abin da ya cancanci sunan ceto. To sai a faɗa. A wane daji? An yi artabu? An kama wa, yana wace kotu? Idan kuwa zama aka yi aka daidaita, aka yi musaya ko aka yi alkawari, Hausa tana da kalmomin da suka dace: an sako su, an karɓo su, an fanso su.

Fansa ba sabuwar kalma ba ce, kuma ba abin kunya ba ce ga wanda ya biya. A zamanin hare-haren bayi, dangi kan haɗa wuri su bi sawun wanda aka kama har garin da aka kai shi, su yi ciniki su dawo da shi. Baba ta Karo, wadda ta ba wa Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga shi a 1954, ta bayyana yadda mahara suka kwashe 'yan gidansu da yadda aka yi ta fafutukar tara kuɗin fanso su. Bawa ma yakan yi murgu, ya tara abin da ya samu har ya fanshi kansa. Mutanen wancan zamani ba su rikita abu biyu ba. Sun san bambancin jarumin da ya bi mahara a kan doki ya ƙwato mutanensa da dattijon da ya tafi da jakar wuri. Kowannensu ya yi abin kirki, amma na biyun ya bar maharin da riba, kuma kowa ya san zai dawo.

Iyayen ɗaliban Islamiyyar Salihu Tanko da ke Tegina a jihar Neja sun san wannan bambanci a jikinsu. An sace yaran, 136 bisa ƙidayar gwamnatin jiha, ranar 30 ga Mayu 2021, wasu ba su fi shekara biyar ba. Kusan wata uku suka yi a daji. Iyaye suka sayar da gonaki da dabbobi da kayan ɗaki, aka yi ta neman taimako a masallatai, aka kai kuɗi aka ce bai isa ba, aka sake kaiwa. Wasu yaran sun rasu kafin a sako sauran a ƙarshen Agusta. Idan wani zai karɓi yabo a wannan labari, manomin da ya rabu da gonar gadonsa ne da uwar da ta sayar da tukwanenta. Kalmar "an ceto" tana shafe su daga labarin, ta kuma shafe bashin da suka kwana da shi.

Ba ƙaramin bashi ba ne. A Disamba 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa iyalai a Najeriya sun biya naira tiriliyan 2.23 na kuɗin fansa tsakanin Mayu 2023 da Afrilu 2024. An yi ta gardama a kan adadin, amma ko da an raba shi gida goma, abin da ya rage ya isa ya nuna cewa akwai wata babbar kasuwa ta cinikin mutane, kuma talaka ne ke ɗauke da ita. A Afrilu 2022 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin ɗaurin shekara 15 ga wanda ya biya fansa. Wato uban da ba a je an ƙwato masa ɗa ba, idan ya sayar da shanunsa ya karɓo shi, bisa wannan ƙuduri shi ne zai zama mai laifi.

Akwai masu cewa gwamnati ba za ta iya fitowa ta ce ta biya ba, domin hakan zai ƙara wa ɓarayin ƙwarin gwiwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ɓarawon da ya karɓi kuɗin ba ya buƙatar sanarwa kafin ya san an biya shi, abokansa na dajin ma sun ga sabbin babura. Wanda kawai ake ɓoye wa shi ne ɗan ƙasa. Akwai kuma masu cewa uwar da ta rungume 'yarta ba ruwanta da wace kalma aka yi amfani da ita, kuma haka ne, a wannan ranar. Amma uwar da za a sace wa ɗa wata mai zuwa tana da ruwa da tsaki. Al'ummar da kullum ake gaya mata an ceto 'ya'yanta za ta ɗauka akwai rundunar da ta ƙware a wannan aiki, da kayan aiki da bayanan sirri, ba za ta matsa a samar da ita ba. Sannan sojoji da 'yan sanda da 'yan sa-kai da suka shiga daji da gaske, suka yi ba-ta-kashi, wasu suka bar ransu a can, an rage musu daraja idan aka haɗa aikinsu da na mai kai jakar kuɗi a ƙarƙashin suna guda.

Mutanen Ƙonni sun ga yadda abin yake idan ƙasa ta ɗauki ran ɗanta da muhimmanci. A ƙarshen Oktoba 2020 aka sace wani Ba'amurke a ƙauyen Masalata kusa da Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar, aka tsallako da shi arewacin Najeriya. Ranar 31 ga watan, cikin 'yan kwanaki, dakarun Amurka na musamman suka sauka da dare suka ɗauke shi da rai. Daji ɗaya ne da wanda ake tsare da 'yan ƙasa wata da watanni.

'Yan siyasa kuwa sun daɗe da gano daɗin kalmar. Kowane zaɓe sai an sami wanda ya fito domin ceto jiha, ceto Arewa, ceto talaka, bayan shekara huɗu wani ya fito domin ceto jama'a daga hannunsa. Masu juyin mulki ma haka. Janar Umar al-Bashir ya kira abin da ya yi a Sudan a 1989 juyin ceton ƙasa, ya yi shekara 30 a kan mulki. Ibrahim Ba'are Mainasara ya kafa majalisar ceton ƙasa a Yamai a 1996, sojojin da suka kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023 su ma kafofin Hausa da irin wannan suna suke kiran majalisarsu. Kowa zai iya yanke wa kowannensu hukuncin da ya ga dama. Abin lura shi ne wanda ya ce ya zo ceto yana neman a daina yi masa tambaya, domin wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Masu ceto na gaskiya ba su cika yin sanarwa ba. Ranar 23 ga Yuni 2018 mahara suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato. Jama'a suka gudo zuwa Nghar Yelwa, inda Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara fiye da 80, ya buɗe musu ƙofa. Ya sa mata a gidansa, maza a masallaci, mutum 262, mafi yawansu Kirista. Da maharan suka iso suka ce ya fito da su, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi, yana roƙonsu, ba shi da bindiga ba shi da sanda, har suka juya. A 2019 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta karrama shi. Wata guda bayan abin da ya faru a Filato, a jihar Ribas, jirgin ruwa ya kife, wani fasinja mai suna Joseph Blankson ya yi ta komawa cikin ruwa har ya fito da mutum 13, a komawa ta gaba ƙarfinsa ya ƙare ya nutse. A watan Mayun 2018 ɗin dai, Mamoudou Gassama, matashi ɗan Mali da ba shi da takardun zama a Faransa, ya hau bene hawa huɗu ta waje da hannu a birnin Paris ya ɗauko yaro ɗan shekara huɗu da ke lilo a baranda. Shugaba Macron ya gayyace shi fada, aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa, aka kuma buɗe masa ƙofar shiga rundunar kashe gobara. Wannan na ƙarshen shi ne abin koyi: ba a tsaya ga lambar yabo ba, an ga mutum mai zuciyar aikin, aka ba shi horo da kayan aiki.

Su ukun nan abu ɗaya ya haɗa su. Suna wurin lokacin da abin ya faru. Babu wanda aka turo daga hedikwata.

Haka aka gani a Maiduguri lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a daren wayewar 10 ga Satumba 2024, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shanye Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Litinin da fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya rusa katangar gidan yari, ya kashe mafi yawan dabbobin gidan zu. Sojoji sun yi aiki da manyan motocinsu, ma'aikatan hukumomin agaji sun yi nasu, kuma sun cancanci godiya. Amma a lungunan da mota ba ta shiga, masu kwale-kwale da samarin unguwa ne suka yi ta sauko da tsofaffi da jarirai daga kan rufi, wasu da igiya, wasu da jarkoki da aka ɗaure. A Mokwa, ranar 29 ga Mayu 2025, ruwan ya zo da asuba mutane na barci, ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, fiye da mutum 150 suka rasu. Kafin wata motar hukuma ta iso daga Minna, wanda zai rayu ya riga ya rayu a hannun maƙwabcinsa.

Wannan ba zargi ba ne ga Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, ko takwarorinta na jihohi. Lissafin nisa ne kawai. Babu hukumar da za ta taso daga babban birnin jiha ta isa tsakiyar tafkin Kainji cikin minti biyar. A Mayu 2021 jirgi ya nutse kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ɗauke da mutum fiye da 150, waɗanda suka fita da rai ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. A Yuni 2023 fiye da mutum 100 'yan biki suka halaka cikin dare a kogin Kwara, yankin Patigi. A Satumba 2024 manoma ne a Gummi, a Agusta 2025 'yan kasuwa ne a Goronyo. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, mai hedikwata a Lokoja, tana da dokoki masu kyau: kada a yi lodi fiye da kima, kada a yi tafiyar dare, kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa. Sai dai jama'a ba don sha'awa suke cunkushewa a jirgi ɗaya ba. Gada babu, hanya ta lalace, wata hanyar kuma 'yan bindiga sun tare ta, jirgin da ya tashi yanzu shi ne na ƙarshe kafin kasuwa ta watse. Doka ba ta aiki a irin wannan wuri sai da mutumin da ke tsaye a bakin ruwa, wanda jama'a ke jin maganarsa.

Kuma akwai shi. Ƙasar Hausa da maƙwabtanta sun daɗe da sarautar Sarkin Ruwa. Sarkawan Kebbi da Yawuri, da masuntan Haɗeja da na bakin tafkin Chadi, sun gaji sanin ruwa kaka da kakanni: inda yake da zurfi, inda yake juyawa, inda kututturen itatuwan da madatsa ta shanye suke laɓe suna jiran cikin jirgi. Duk wanda ya kalli wasannin Kabanci a bikin kamun kifi na Argungu ya ga mutanen da ke nutso su daɗe, su kama kifi da hannu, su yi tseren kwale-kwale. Su ne ake kira duk lokacin da jirgi ya kife, a labarai a ce da su "masu ninƙaya na yankin" cikin rabin jimla, ba suna ba hoto. Suna shiga da gajeren wando, babu fitilar ruwa, babu jirgi mai inji da aka ajiye domin wannan aiki, idan ɗayansu ya mutu a ciki iyalinsa ba su da wanda za su tambaya.

Abin da hankali zai ɗauka shi ne kowace ƙaramar hukuma mai tashar jirgin ruwa ta rubuta sunayen waɗannan mutane, ta sa su a albashi ko da kaɗan ne, ta ba Sarkin Ruwa ikon hana jirgi tashi idan lodi ya yi yawa, ta ajiye jirgi mai inji da mai a cikinsa ranar kasuwa da ranar biki. A kuma koya musu abin da gado bai koya musu ba. Har yanzu a wurare da yawa idan aka fito da wanda ya nutse, kife shi ake yi ana danna masa ciki wai ruwa ya fita, ana ɓata mintunan da ya kamata a yi amfani da su wajen hura masa numfashi da danna ƙirji. Wannan horo na yini ɗaya ne ko biyu, ƙungiyar Red Cross ta daɗe tana bayar da shi.

Akwai wata runduna ma da ta riga ta sa kaki tana jira. Da wuya a sami garin da babu 'yan agaji, na Jama'atu Nasril Islam, ko Fityanul Islam, ko Izala, ko na ɗariƙu, ga kuma ƙungiyoyin matasan coci. Samari ne masu ladabi da biyayya, sun saba da tsari, sun san kowane lungu. Mafi yawan ƙarfinsu yana tafiya ne a gyaran sahu da tsare hanya ranar wa'azi ko Idi. Da kowane ɗaya daga cikinsu ya iya tsayar da jini, ya iya ɗaukar wanda ya karye a baya ba tare da ya ƙarasa shi ba, ya iya farfaɗo da numfashi, da Arewa ta mallaki rundunar taimakon farko da babu gwamnatin da za ta iya ɗaukar irinta aiki.

A kan titi matsalar ta ɗan bambanta, domin a can ba ƙwarewa kaɗai aka rasa ba, har da kwanciyar hankali. Mota ta kaɗe mutum, jama'a sun yi da'ira, wayoyi sun tashi sama, kafin a ɗaga shi hotonsa ya riga ya shiga WhatsApp. Ana cewa imani ya yi ƙaranci, kuma akwai wannan. Amma a tambayi direban da ya wuce bai tsaya ba, zai ce yana tsoron a ce shi ya kaɗe shi, ko ya kai shi asibiti a ce sai ya kawo takardar 'yan sanda, sai ya ajiye kuɗi, idan mutumin ya cika a motarsa ya kwana a caji ofis. Tsoron ba daga sama ya faɗo ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma hana a muzguna wa wanda ya kawo shi. Dokokin suna nan a rubuce. Mai adaidaita sahu a Kano ko ɗan acaɓa a Gusau bai taɓa jin su da Hausa ba, ma'aikacin da ke karɓar marasa lafiya da dare ma wani lokacin bai sani ba, ko ya sani yana tsoron abin da zai biyo baya. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda ke aiki tun 1988, tana da lambar kira 122, akwai kuma 112 ta ƙasa baki ɗaya. A tasha nawa aka rubuta su da manyan baƙaƙe, da boko da ajami?

Gidajen rediyo da jaridun Hausa suna da rabonsu a gyaran, kuma nasu ne mafi sauƙi domin ba ya cin ko sisi. Idan sanarwa ta zo daga ofishin kakaki, edita yana da damar tambaya kafin ya karanta wa miliyoyin mutane. Idan gawa aka fitar, a ce an tsamo gawa. Idan sako mutane aka yi, a ce an sako su, idan iyalai sun ce sun biya, a faɗa tare da abin da hukuma ta ce. Idan kuwa wani masunci ne ya fito da yara uku da rai, a nemo shi, a faɗi sunansa da na ƙauyensu, a tambaye shi abin da ya rasa a ranar wanda da yana da shi da ya fito da na huɗu. Amsarsa za ta fi amfani ga mai tsara kasafin kuɗi fiye da jawabin ta'aziyya da buhunan shinkafa, waɗanda ko sun zo da kyakkyawar niyya, ihu ne bayan hari.

Damina na tafe kamar kullum, koguna za su cika, watan Maulidi da lokacin bukukuwa za su zo, jiragen katako za su yi ta tsallakawa a Yawuri da Shiroro da Goronyo da Bagwai. Shugaban ƙaramar hukumar da ke son sanin halin da yake ciki ba sai ya kafa kwamiti ba. Ya je tashar jirgin ruwan garinsa ranar kasuwa da hantsi, ya ƙirga mutanen da ke cikin jirgi ɗaya, ya ƙirga rigunan kariya, sannan ya kira Sarkin Ruwa gefe ya tambaye shi mutum nawa gare shi da za su iya nutso, da kuma wanda zai biya kuɗin man jirgin da za su bi sawu da shi.